Baƙon Wane Ne? Tarihin Fatoma da Dokar Masauki

A cikin birnin Kano akwai unguwar da ake kira Alfindiki. Ba lalle ne yaran da ke wasa a lungunanta su san cewa sunan kalmar Larabci ce da bakin Bahaushe ya tauna ba, wato alfunduƙ, gidan da ɗan kasuwa ke sauke kayansa, ya kwana, ya yi ciniki, ya kama hanya. Zangon Barebari ma sunansa ya faɗi aikinsa, haka nan Fagge da ke bayan ganuwa, inda a da ayarin Azbinawa ke durƙusar da raƙuma da kantun gishiri. Saukar da baƙo na 'yan kwanaki don a samu abin sawa a bakin salati sana'a ce da ta girmi otal nesa ba kusa ba, kuma mai yin ta yana da suna, fatoma, ko kuwa maigida kawai, kamar yadda ake ce masa a zangunan kurmi da na Gwanja. Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci a waiwaye shi yanzu shi ne kukan da masu ba da hayar gida ta kwana biyu ko uku suke yi, irin gidajen da ake kira shotlet a Ikko da Abuja. Baƙo ya ce shi da matarsa ne, ya kwaso mutum ashirin. An hana shan taba a ɗaki, an tarar labule na warin shisha. An ce a kashe kiɗa ƙarfe goma, maƙwabta sun kwana ido biyu. Maganin da aka fi gudu a kai shi ne a ƙara tsawon takardar dokoki da ake mannawa a bayan ƙofa, a kuma ƙara kuɗin ajiya na ɓarna. Tarihin fatoma yana nuna cewa a nan aka yi kuskuren gane cutar. Dokar masauki ba ta taɓa samun ƙarfi daga rubutu ba. Ta same shi ne daga kasancewar akwai mutum ɗaya sananne wanda laifin baƙo ke faɗawa a wuyansa, wanda kuma saboda haka ba ya sakaci da wanda zai sauka a gidansa.

A ɗauki ranar da ayarin goro ya iso daga Gwanja a ƙarni na 19. Tun ayari na zangon ƙarshe labari ya riga ya shigo gari, kowane falke kuma ya san ƙofar da zai nufa, domin galibi gidan da ubansa ko ubangidansa ke sauka nan shi ma zai sauka. Yaran fatoma su tarye shi, a sauke wa jakuna kaya a ɗaure su a turke, a shigar da huhunan goro ɗakin ajiya mai sanyi, inda za a kwance su a tsince wanda ya fara lalacewa, a yayyafa ruwa, a sauya ganyen fita. Shi kuwa baƙo a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo ruwa da fura, a yi ta gaisuwar hanya. Da dare tuwo ya fito daga cikin gida a akushi, a kan wani yaro, kuma baƙo zai yi wata guda yana cin wannan tuwo bai ga fuskar mai tuƙa shi ba. A nan doka ta farko take, kuma da ƙasa aka gina ta. Tsarin gidan Bahaushe, daga zaure zuwa ƙofar gida zuwa shigifa zuwa cikin gida, shi kansa bayani ne na inda ƙafar baƙo za ta tsaya. Ɗakinsa yana waje da shigifa, hanyar shigarsa da fitarsa ta zaure ce, a zauren nan kuwa maigida yake wuni da mutanensa. Wanda zai kawo wa baƙo ziyara sai ya yi sallama a gaban mai gidan. Babu wanda ya rubuta cewa an hana tara jama'a, domin babu ta inda jama'ar za ta bi.

Abu na biyu da ke riƙe baƙo shi ne dukiyarsa. Fatoma ba ya karɓar kuɗin ɗaki ko na abinci. Cinsa yana cikin la'adar cinikin da dillalansa suka ƙulla, da ɗan alherin da baƙo zai yi masa ranar sallama, don haka kayan baƙo a hannunsa suke tun daga saukewa har sayarwa, kuɗin da aka biya ma shi ke ajiyewa. Kuɗin zamanin kuwa ba abin sawa a aljihu ba ne. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa ɗaya, keso ɗaya na wuri 20,000 kuwa kaya ne na ɗauka a ka ko a bayan dabba. Mutumin da arzikinsa ke jibge a ɗakin wani, ba ya iya sulalewa da shi cikin dare, yana da dalilin kama kansa wanda ya fi wa'azi tasiri. Na uku shi ne sanayya. Fataken goro na Kano, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, dangi ne da surukai da yaran gida, suna tafiya ƙarƙashin madugu wanda ke sasanta rigimarsu a hanya, yake kuma biyan fito da kuɗin ƙasa da sunansu. Tafiya Salaga ta Gwanja da dawowa takan ci mafi yawan shekara, kuma baɗi ma za a koma. Wanda ya yi abin kunya a masauki, labarin zai riga shi isa gida, a bakin mutanen da zai nemi auren 'yarsu ko jarin tafiya ta gaba a wurinsu.

Duk waɗannan ana iya cewa dabarun tsare kai ne, irin waɗanda mai gidan haya na yau ma yake nema. Abin da ya bambanta fatoma shi ne na huɗu, kuma hujja mafi ƙarfi a kansa ta fito ne daga Sabo ta Ibadan, garin da Hausawa ke kira Badun. An kafa unguwar a 1916, kuma masanin zamantakewa Abner Cohen ya zauna a cikinta a 1962 da 1963, ya fitar da littafinsa a 1969. Abin da ya tarar a kasuwar shanu abin mamaki ne ga wanda ya saba da takarda da lauya. Kusan shanu 75,000 ake sayarwa a shekara, kusan duka bashi, kuma a kowane lokaci akwai kimanin fam 100,000 da ke hannun mahauta ba a biya ba, babu yarjejeniya a rubuce, babu zuwa kotu. Dalilin bashin a fili yake: saniyar Arewa ba ta daɗewa a ƙasar ƙudan tsando, dole a rabu da ita da wuri, mahaucin Bayarabe kuwa sai ya yanka ya sayar zai samu kuɗi. Mai shanu baƙo ne, bai san wane mahauci ne mai cika alkawari ba. Maigidan da ya sauke shi ne ya sani, shi ke tsaya masa, in mahauci ya ci kuɗin kuma shi zai biya daga aljihunsa, in ba haka ba baƙinsa su watse su koma gidan wani. Polly Hill ta bayyana irin wannan tsari a kasuwar shanu ta Kumasi a 1966. Ga nan matsayin maigida ya fito sarai: yana tsaye a tsakiya, baƙo na bin sa bashin gari, gari kuma na bin sa laifin baƙo. Masu gidaje kaɗan ne ke riƙe da yawancin ɗakunan Sabo, rigimar da ta fi ƙarfinsu kuma gaban Sarkin Sabo take zuwa, don haka wanda suka haɗu suka juya wa baya ya rasa wurin kwana, ya rasa mai tsaya masa, ya rasa kasuwar baki ɗaya.

Wannan ne ya sa tambayar farko da ake yi a unguwa idan baƙuwar fuska ta yi ba daidai ba ita ce, baƙon wane ne? Ba a fara tambayar sunansa ko garinsu. Ana neman mai masaukinsa ne, domin shi za a je wa, shi zai ba da haƙuri, shi zai biya abin da aka fasa, shi mai unguwa zai kira ya tambaya me ya sa bai kawo labarin saukar mutumin ba. Al'adar kai rahoton baƙo wurin mai unguwa, wadda hukumomi ke ta kiran a farfaɗo da ita duk lokacin da tsaro ya taɓarɓare, ma'anarta ke nan: rajista ce ta wanda ya ɗauki nauyi. Kuma ba Bahaushe kaɗai ya gano wannan ba. Mandawa suna da jatigi, Somaliyawa suna da abban. Ibn Battuta, da ya isa Mogadishu wajen 1331, ya ba da labarin samari da ke tarar jirgi a ƙananan kwale-kwale, kowanne da abinci a rufe, ya miƙa wa ɗan kasuwa ɗaya ya shelanta cewa wannan baƙonsa ne. Daga nan a gidansa zai sauka, ta hannunsa zai saya ya sayar, cinikin da aka ƙulla a bayan idon mai masauki kuma ba ya tsayawa. Dokokin Hammurabi na Babila, shekara kusan 3,750 da suka wuce, sun yanke hukuncin kisa ga mai gidan shaye-shayen da masu ƙulla makirci suka taru a wurinta ba ta kai su fada ba. Dokar Rumawa ta ɗora wa mai masauki biyan kayan matafiyi da suka ɓata a gidansa. Wurare masu nisa da juna, zamanai daban, amma duk inda aka ba mutum damar cin abinci da baƙi, an haɗa masa da ɗaukar abin da ya biyo baya.

Nauyin yakan yi tsanani har ya kai ga rai. Barth ya shiga Tambutu a watan Satumba na 1853 bayan ya bi wani yanki na hanya yana ɓoye addininsa, yana barin mutane su ɗauke shi Musulmi. Da asiri ya tonu, masu mulkin Masina a Hamdallahi suka nemi a miƙa shi ko a kore shi. Baƙo ne da ya shigo da ƙarya, kuma zamansa ya jawo wa mai masaukinsa, Shehu Ahmad al-Bakka'i, rigima ta wata da watanni. Shehun bai miƙa shi ba. Ya riƙa fitar da shi zuwa sansaninsa a wajen gari idan abin ya yi zafi, a 1854 kuma ya yi masa rakiya da kansa har Gawo. Shehun ba fatoma ba ne, malami ne kuma jagoran Kunta, amma ƙa'idar ɗaya ce, kuma tana nuna ɗaya fuskar al'amarin: wanda ya amsa cewa baƙo nasa ne ba ya jefa shi titi da tsakar dare don ya ɓata masa rai. Yana fitar da shi ta hanyar da ba za ta zame wa baƙon ko garin masifa ba.

Daga nan ake gane yadda ake bi da baƙon da ya ƙetare iyaka. Matakan ba a rubuce suke ba, amma duk wanda ya san zaman zaure ya san jerinsu. Ana farawa da shaguɓe, a yi maganar kamar da wani ake. In bai ji ba, maigida ya kira shi gefe bayan sallar isha, ba a gaban yara ba, domin mutumin da aka tozarta a bainar jama'a ba shi da sauran abin da zai kare, daga nan kuma ba ya jin magana. In abin ya ci gaba, a gaya wa wanda ya kawo shi, madugu ko ɗan garinsu da ya girme shi, wanda maganarsa ke da nauyi har can gida. Ɓarnar dukiya a cire ta daga kuɗin da ke hannu, a gaban shaidu. Sai abu ya gagara ake zuwa gaban sarkin zango ko alƙali. Hukunci mafi zafi kuwa shiru ne: a sallame shi lafiya, a ba shi guzuri, baɗi ya aiko a ce ɗakuna sun cika, ya je gida na biyu ya ji amsa iri ɗaya. Fiƙihun Malikiyya da alƙalan ƙasar ke hukunci da shi ya dace da wannan sassauci, domin yana ɗaukar mai haya a matsayin amintacce, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya wuce abin da aka yi sharaɗi ko ya yi sakaci. Tulun da ya tsufa ya fashe ba laifin baƙo ba ne. Wanda aka ba ɗakin kwana ya mai da shi wurin ɗaure dabba shi ne ya yi ta'adi. Wannan rarrabewa, tsakanin abin da amfani na yau da kullum ke cinyewa da abin da ganganci ya ɓata, ita ce har gobe masu gidajen haya da baƙinsu ke ta jayayya a kai.

Abin da ya kwance wannan ƙulli ba lalacewar tarbiyya ba ce, kamar yadda dattawa ke son faɗa. Ayyukan fatoma ne aka rarraba ɗaya bayan ɗaya. Salaga ta fara rauni bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, yaƙin basasar 1892 ya watsa mutanenta zuwa Kete-Karachi da sauran garuruwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko sannan ya hau dogo, tafiyar watanni ta zama ta kwanaki, madugu ya rasa aikin yi. Kuɗin ƙarfe da na takarda suka kori wuri, banki ya karɓi ajiya, daga baya waya ta karɓi labarin farashi. Da aka zare ajiya da dillanci da lamuni, abin da ya rage shi ne gado da rufin kwano, shi ne otal ya ɗauka ya sa masa farashi. Otal dai ya riƙe abu guda daga tsohon tsari: akwai mutum a bakin ƙofa dare da rana, akwai littafin da ake rubuta sunan mai shiga, akwai manajan da 'yan sanda za su nema. Hayar gida ta intanet ce ta zare wannan na ƙarshen.

Abin lura shi ne ita ma da siffar fatoma ta fara. A 2007 wasu samari biyu a San Faransisko, Brian Chesky da Joe Gebbia, suka shimfiɗa katifun iska a falonsu suka sauki mutum uku da suka zo taro suka rasa otal, suna gidan, suna ba su karin kumallo. Daga nan Airbnb ya samo asali a 2008. Da kasuwa ta buɗe, sai mai gida ya fara barin mabuɗi ya yi tafiyarsa, daga baya ma aka samu masu sayen gidaje musamman don wannan, ba su taɓa kwana a cikinsu ba. Tarihin kamfanin tun daga lokacin jerin faci ne a kan ramin da fitar mai gida ta bari. A 2011 wani baƙo ya yi kaca-kaca da gidan wata mata a San Faransisko ya sace mata kaya, surutu ya yi yawa, kamfanin ya yi alkawarin biyan ɓarna har dala 50,000, a 2012 ya ɗaga zuwa dala miliyan ɗaya. Ranar 31 ga Oktoba 2019, a garin Orinda na jihar Kalifoniya, aka karɓi hayar wani gida da sunan taron dangi na mutum 12, mutum fiye da 100 suka cika shi, aka yi harbi, biyar suka mutu. A watan Agusta na 2020 kamfanin ya hana shagali a duk gidajen da ke ƙarƙashinsa, a 2022 ya mai da hanin na dindindin. A jera facin kusa da kayan aikin fatoma a gani: tantance katin shaida yana neman maye gurbin madugu, kuɗin ajiya da katin banki suna maye gurbin keson wuri a ɗakin maigida, taurarin da ake ba baƙo bayan ya tafi suna maye gurbin gulmar zango, na'urar auna hayaniya tana maye gurbin kunnen mai zaman zaure. Uku na farko na fatoma an kwaikwaye su, wasu ma an fi shi iyawa. Na huɗun ne babu. Inshorar kamfanin tana biyan mai gida kujerarsa da aka karya, amma maƙwabcin da aka hana barci, ko aka tare masa ƙofa da motoci, babu wanda zai je wa ya ce baƙonka ya yi kaza.

Akwai masu cewa wannan duk ƙawata jiya ne, kuma suna da abin faɗa. Fatoma ba waliyyi ba ne. Baƙon da bai san farashi ba, bai san yaren gari ba, kayansa da kuɗinsa na hannun mutum ɗaya, a tafin hannu yake, kuma ba kowane maigida ne ya ji tsoron Allah a kan la'ada ba. Tsarin ya rufe ƙofa ga wanda ba shi da mai gabatar da shi. A Sabo ma ƙabila da ɗariƙa sun zama katanga, musamman bayan unguwar ta rungumi Tijjaniyya a farkon shekarun 1950 ta ware masallacin Juma'arta. Mafi muni, a Salaga da Kano ta ƙarni na 19 cikin hajar da ake saukewa a gidajen nan har da bayi, kuma hannun bayi ne ke ɗebo ruwan da ake yi wa baƙi hidima da shi. Tsarin yau ya buɗe wa kowa hanya: mace mai tafiya ita kaɗai, ko saurayin da ba shi da kowa a gari, yana samun ɗaki cikin minti biyar ba tare da ya durƙusa wa wani ba, in an cuce shi kuma yana da wurin rubuta kokensa duniya ta gani. Duk wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi a koma. Sai dai hujjar ba ta taɓa abin da ake magana a kai ba. Danniyar fatoma ta fito ne daga riƙe ciniki, ladabin masaukinsa kuwa daga ɗaukar laifi ya fito, kuma ana iya raba su. Otal ya raba su tun tuni: ba ya sayar wa kowa shanunsa, amma in rigima ta tashi a ɗaki mai lamba 12 an san wanda za a kama.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan kaifi. Mai karɓar shotlet yana biyan kuɗi ne daidai don kada kowa ya sa masa ido; in yana son mai gida a zaure da ya sauka gidan kawunsa. Wannan ma haka ne, kuma sirrin baƙo haƙƙi ne da tsohon tsari ya san da shi, domin fatoma na zama a zaure ne, ba ya leƙa ɗaki. Airbnb da kansa ya hana kyamarar cikin gida gaba ɗaya daga ƙarshen Afrilu na 2024, bayan shekaru ana kama masu gidajen da ke leƙen baƙi. Amma a dubi abin da wannan ke nunawa. Mai gidan da ya yi nisa, ya rasa sanin wanda ya shiga gidansa, shi ne ke jarabtuwa da dasa ido a bango. Wanda ya tarbi baƙo da kansa, ya ga fuskarsa, ya ƙirga mutanen da suka sauko daga mota, ya gaya masa da baki cewa mai jego ce a gidan da ke jikin nasu, ba ya bukatar kyamara a falo. Sa ido a ƙofa da sa ido a ɗaki ba abu ɗaya ba ne, rashin na farkon ne ke haifar da na biyun. Birnin Niyu Yok ya bi wannan tunani har ƙarshensa: dokar da ta fara aiki a watan Satumba na 2023 ta ce duk hayar da ba ta kai kwana 30 ba, sai mai gida ya yi rajista, sai yana cikin gidan tare da baƙi, kuma kada baƙin su wuce biyu. Babban dalilin dokar ƙarancin gidajen zama ne, kuma ta yi tsauri, ta kori dubban gidaje daga kasuwa, ta bar matafiyi da tsadar otal. Ba dole ne kowane gari ya kai can ba. Abin sha'awa dai shi ne birnin da bai taɓa jin sunan fatoma ba ya laluba ya dawo kan sharaɗinsa.

A garuruwanmu nauyin da mai shotlet ya ajiye bai ɓace ba, gangarawa ya yi. Ya faɗa kan maigadi, wanda albashinsa na wata bai kai kuɗin kwana ɗaya na gidan ba, shi ake sa ran zai tare motoci shida da ƙarfe ɗaya na dare ya ce ba za su shiga ba, alhali bai san sunan wanda ya karɓi hayar ba, mai gidan kuma wayarsa a kashe take, ko yana wata ƙasa. In gari ya waye a ce maigadi ya yi sakaci. Kwamitin rukunin gidaje da ke neman mafita yakan tsaya tsakanin hana sana'ar ɗungurungum da ƙyale ta yadda take, alhali tsohon zango ya bar hanya ta uku: kowane gida da ke saukar baƙi ya kasance da mutum ɗaya sananne, mai suna da lambar waya a wurin maƙwabta da mai unguwa, wanda zai iya isowa cikin rabin sa'a, wanda kuma tarar hayaniya da ɓarnar kayan jama'a za ta hau kansa kai tsaye, shi ya san yadda zai ƙare da baƙonsa. Mai gidan da ya san haka zai fara tambayar da ba ya yi yanzu kafin ya ba da mabuɗi. Kuma ba sai an tono tsarin daga littafi ba. A kasuwannin dabbobi irin na Wudil da Maigatari da Potiskum, da na Ikko da Badun inda tirelolin ke sauke kaya, har yau mai shanu yana da maigidan da yake sauka wurinsa, wanda ke ajiye masa kuɗi, yake tsaya masa, in ya yi faɗa a kara kuma shi shugabannin kasuwa ke aika yaro ya kira.